Fiyanon Maman Ikko

A zuriyarmu babu makaɗi. Kakana na wajen uba malamin zaure ne a cikin birnin Zariya, na wajen uwa kuwa fatauci ya yi har ƙafa ta gaza. A wancan zamani kiɗa sana'a ce ta gado, jerin su ƙira da jima da wanzanci. Ɗan gidan makaɗa shi ke rataya ganga, sauran jama'a nasu saurare ne da kyauta. Muna son Shata ƙwarai. In gidan rediyon Kaduna ya sako shi, har mai shara takan dakata da tsintsiya a hannu. Amma a unguwarmu ba uban da zai so a ce ɗansa ne ke riƙe wa mawaƙi kalangu. To, a irin wannan gida aka wayi gari yaro ɗan shekara goma yana zuwa koyon fiyano, kuma da yardar mahaifinsa. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa wannan yarda tana cikin abin da zai tarar.

Jirgin ƙasa ne ya jawo abin. Baba akawu ne a ofishin kaya na tashar Zariya, Zariya kuwa mahaɗa ce: ta nan dogo ya bi ya isa Kano a 1911, daga nan kuma reshe ya ɓalle ya nufi Funtuwa da Gusau har Ƙauran Namoda. Dogon nan ya kawo kaya, ya kuma kawo mutane, Yarbawa da Ibo da mutanen Saliyo da na Gana, akawuna da direbobi da kafintoci da masu buga tangaraho, suka cika Sabon Gari da harsunansu da girke-girkensu. Cikinsu akwai wani dattijo mutumin Ikko, babban akawu, wanda a hannunsa Baba ya koyi aiki. Da ya rasu, Baba ne ya yi ta kai da kawo da takardun haƙƙinsa har kuɗin suka fito aka damƙa wa matarsa. Ita ce muke kira Maman Ikko. Ta rasa abin da za ta saka masa da shi, domin ko goro ba zai karɓa ba. Ran nan ta ce masa, “Malam, ba ni da gona, ba ni da shanu. Abin da na iya ke nan, wannan akwati. Ka ba ni yaro guda in koya masa.”

Baba bai amsa nan take ba. Ya kwana da maganar, ya shawarci wansa, ya shawarci Inna, sannan ya koma mata da sharaɗi uku: ba waƙar coci, ba wasa da lokacin salla, kuma kada abin ya taɓa karatun allo. Ta ce ta yarda, kuma har muka rabu ba ta karya ko ɗaya ba. Shi ya sa darasin ya faɗo ranar Alhamis, ranar da alluna ke jingine. Ya kuma ƙi yarda a koya mini kyauta. Yadda muke kai wa malam kuɗin Laraba, haka ya yanka mata kuɗin Alhamis, sule guda, Inna ta ƙulle mini shi a bakin hankici. Wani lokaci ta haɗa da ƙwan zabi ko 'yar kwalbar man gyaɗa.

Daga Tudun Wada nake tasowa bayan azahar, in haye gadar Kubanni. Hanci ke fara sanar da mutum ya shiga wata duniya. Hayaƙin kwal na kan jirgi yana da wani ɗaci da ke maƙalewa a maƙogwaro. In iska ta juyo sai ta kawo ƙamshin ganyen taba daga kamfani, da kaka kuma ɓurɓushin auduga ya yi ta yawo yana sauka a gashin kai. Sannan Sabon Gari kansa: ayaba tana soyuwa cikin manja, burodi mai zafi, kananzir, busasshen kifi. Teloli na taka keke, garmaho na zuba kiɗan hailaif daga shago zuwa shago, mata na ciniki da harshe uku a numfashi ɗaya. Ina ratsa duk wannan da hankicina damƙe a hannu, har in isa wani lungu mai bishiyar gwanda a bakin ƙofa.

Falonta ƙarami ne, mai sanyi, yana ƙamshin kafur da man goge katako da tsohuwar takarda. Fiyanon ya cinye rabin bango. Irin mai tsayen nan ne da ake jinginawa, baƙi wuluk, an shimfiɗa masa farin mayafi na saƙar hannu, da hoton marigayi mijinta a kai. Tun tana amarya aka hauro da shi daga Ikko cikin taragon kaya. Ƙafafunsa na tsaye cikin gwangwanayen madara da aka zuba wa kananzir saboda gara, domin a ƙasarmu duk abin da aka yi da itace sai an yi tsaronsa. Fararen maɓallan an lulluɓe su da hauren giwa, sun yi ɗorawa-ɗorawa don tsufa, na tsakiya har sun ɗan loɓa inda yatsu suka fi sauka.

Ranar farko ba ta bar ni na taɓa komai ba sai da na wanke hannu da sabulu, ta duba farcena. Sannan ta cire murfin gaba ta ce in leƙa. Ashe a ciki tsarkiyoyi ne na ƙarfe, fiye da 200, a miƙe a jere, kowane maɓalli kuma yana da 'yar gudumarsa mai kan ulu. Ta danna guda, gudumar ta zabura ta bugi tsarkiya ta dawo mazauninta, sautin ya tsaya a ɗakin yana raguwa a hankali. Ta sa na ƙirga maɓallan da kaina: 88, farare 52, baƙaƙe 36, baƙaƙen a rukuni biyu-biyu da uku-uku. Sai bayan shekaru na karanta cewa wani mutumin Italiya, Bartolomeo Cristofori, shi ya ƙago wannan abu a birnin Fulorens wajen shekarar 1700, kuma abin da ya fifita shi a kan magabatansa shi ne yana jin nauyin hannu. Ka taɓa a hankali ya yi maka raɗa, ka danna da ƙarfi ya yi tsawa. Mama ba ta ba ni wannan tarihi ba, amma ta sa na gane shi tun ranar, da ta ce in buga maɓalli ɗaya yadda ba zai tashi kyanwarta daga barci ba.

Daga nan aka shiga gyaran hannu. Ta ba kowane yatsa lamba, babba shi ne na ɗaya, ɗan ƙarami na biyar. Ta ɗauko lemo daga kwando ta sa mini a tafi, ta ce in riƙe, sannan ta zare lemon ta ce hannun ya tsaya haka, a lanƙwashe. Ta ɗora kwabo mai huji a bayan hannuna. In na hau maɓallai biyar na sauko kwabon bai faɗi ba, nawa ne. In ya faɗi, a sake. Na sha alewa da kwabban Mama. Yatsa na huɗu shi ne mai taurin kai, ba ya son ɗagawa shi kaɗai sai ya jawo maƙwabtansa, kuma duk wanda ya taɓa zama gaban fiyano ya san wannan rigima, domin haka jijiyoyin hannun ɗan Adam suke a ɗaure.

Hausarta irin ta Sabon Gari ce, wadda ba ruwanta da namiji ko mace. Takan ce mini “ke”, ta juya ta ce wa kyanwarta “kai”, mu duka mu amsa. Amma kunnenta ba ya kuskure. Abin da nake so in faɗa game da ita a nan yake, kuma na daɗe kafin in iya sa masa suna. A firamare muna cike da aji, malami bai san muryar kowa ba sai ta masu surutu. A makarantar allo kowa na ɗaga murya lokaci guda, taka ta narke cikin ta sauran. A gida kuwa yara tuli ne, kwano ɗaya, tabarma ɗaya, in an kira “kai yaro” mu uku za mu waiwayo. Ba na kuka da wannan, daɗinsa daban ne, kuma shi ya raine mu. Sai dai a falon nan ne kaɗai babban mutum ke ajiye duk abin da yake yi, ya rufe ido, ya saurari abin da ni kaɗai nake yi na tsawon sa'a guda. In na buga sauti a gaggauce ta ji. In na zo da damuwa daga gida ta ji a hannuna tun ban buɗe baki ba. Ba ta taɓa dukana ba, bulalarta fensir ce da take ƙwanƙwasa katako da ita, kalmarta kuma ɗaya ce: “Sake.” In abin ya yi, ba ta yabo da yawa. Sai ta buɗe ido ta ce, “Yauwa, ɗana, yanzu na ji ka.”

Littafin da muka fara da shi na Smallwood ne, wanda duk mai koyon fiyano a ƙasashen nan ya sha hannu da shi. Nata ya tsufa har ta ɗinke bayansa da zare. Nan na gamu da rubutu na uku a rayuwata. Na allo daga dama yake tafiya, na boko daga hagu, wannan kuwa yana tafiya gaba yana kuma hawa da sauka a kan layuka biyar, jeri ɗaya na hannun dama a sama, ɗaya na hagu a ƙasa. Haruffa bakwai ne kacal, daga A zuwa G, in sun ƙare a sake daga farko. Kowace alama tana faɗin abu biyu, wane maɓalli za a taɓa da kuma tsawon lokacin da za a riƙe shi. Fara ta daɗe, baƙa ta gajarta, mai wutsiya ta fi sauri. Har shiru yana da alamarsa, kuma Mama ta fi tsananta ƙidayar shirun a kan ta sautin.

Matsalar ita ce babu fiyano a gida, koyo kuwa ba ya yiwuwa daga Alhamis sai Alhamis. Wani kafinta abokin Baba ya sassaƙa mini dogon katako, ya auna da ma'auni, ya zana maɓallai da farin fenti da baƙi daidai girman na gaske. Da yamma in ɗora shi a kan turmin da aka kifa in yi ta dannawa. Katako ba ya magana, sai ƙanwata ta zama muryarsa. Na koya mata do, re, mi, ta zauna gefe tana kallon yatsuna, duk inda na taɓa ta rera. Ladanta ƙuli-ƙuli ne, kuma in aka yi jinkirin biya sai fiyanon ya yi shiru a tsakiyar waƙa har a sasanta.

Kaka ce ta fi kowa jin daɗin wannan al'amari. Takan zauna bakin ɗakinta tana kaɗi, ta dube mu ta ce, “Maigida, wai in ka gama koyon nan wa za ka yi wa roƙo? An ce gangar taka ƙarti shida ke ɗaga ta. In an gayyace ka biki a Giwa, jakuna nawa zan nemo maka?” Matan gida su kwashe da dariya. Amma ita ce kuma, in wata baƙuwa ta taɓe baki ta ce jikan malam ya zama makaɗi, za ta ajiye mazari ta ce, “Karatu yake. Ba ki ga da littafi ake yi ba?”

Kowane hannu shi kaɗai ba wuya. Ranar da aka ce su haɗu, dama na tafiya da waƙa, hagu na riƙe mata ƙasa da wani taki daban, nan mai koyo ke sanin ya fito daga wasan yara. Da yawa a nan suke ajiyewa. Mama tana da agogon ƙidaya, ɗan akwati mai tsinin kai da sandar ƙarfe mai kai da komo, amma ranar ba ta kunna shi ba. Ta tashi ta buɗe taga. A gidan da ke bayanta mata biyu na lugude, ana jin taɓare na sauka bi da bi. Ta ce, “Saurara. Wannan ta ɗaga, waccan ta sauke. Ba wadda ke kallon 'yar'uwarta, amma ka taɓa jin sun yi karo? Hannunka mata biyu ne a turmi ɗaya.” Muka yi shiru muna ji har suka tsaya sheƙe tsaba. Na koma kan kujera, ba a ranar abin ya zauna ba, amma daga ranar na daina kallon hannuwana, na koma sauraronsu.

Fiyanon nan yana jin yanayi fiye da mu. In hunturu ya sauko, iska ta bushe, faffaɗan allon katakon da ke bayan tsarkiyoyin sai ya tsuke, sautin duka ya ɗan zube ƙasa, wasu maɓallan su riƙa amo biyu-biyu. Mama takan buɗe murfin ƙasa, kusa da feda, ta ajiye kwanon ruwa a ciki, kuma aikina ne in duba ko ya ƙafe. Ƙura kuwa ko an toshe taga da tsumma sai ta shiga. Yatsuna na faso, in shafa man kaɗe, ta sa in goge tas kafin in taɓa haurenta. Da damina sai abin ya juye, katako ya sha danshi ya kumbura, wani maɓallin in ka danna ya ƙi tasowa sai an ɗago shi da farce, ruwa na dukan kwanon rufi har ba ka jin abin da kake bugawa. A irin wannan rana sai mu rufe, ta dafa shayi, mu yi karatun alamomi da baki.

Sau ɗaya a shekara, gab da Kirsimeti, mai saita fiyano yakan sauka daga jirgin Kaduna da 'yar jakarsa ta fata. Yana da wani ɗan ƙarfe mai baki biyu. Ya buga shi a gwiwa ya kafa a jikin katako, ya fitar da sautin A, wanda aka daidaita a kan kaɗawa 440 cikin daƙiƙa. Daga wannan sauti guda yake bin sauran duka, yana murɗa kusoshi da maƙulli, yana buga maɓalli ɗaya har maƙwabta su gaji. Shi ya gaya mini cewa jan da tsarkiyoyin ke yi wa ƙarfen da ke riƙe da su ya kai tan 15 zuwa 20. Tun daga ranar nake zama gaban akwatin nan da wani irin ladabi.

In ladan ya kira la'asar daga masallacin da ke bakin kasuwa, ko muna tsakiyar layi, Mama ce ke fara sauke murfi. Ta sayi buta da 'yar tabarma musamman domina, tana ajiye su bayan ƙofa, kuma ta tambayi maƙwabta inda gabas take don kada ta shimfiɗa mini ba daidai ba. Ina salla a barandarta, ita tana zaune shiru da littafinta na addu'a. In na sallame mu ƙarasa abin da ya rage, sannan in ba wata yarinya 'yar Ibo wuri, 'yar wani direban jirgi, wadda darasinta ke bin nawa. Ta girme ni kaɗan, ta kuma yi mini nisa a karatu. Nakan yi jinkirin ɗaura takalmi a bakin ƙofa don in ji yadda yatsunta ke gudu a darussan littafin Czerny.

A shekara ta biyu na kai ga waƙar da kowane ɗalibi ke ɗokin kaiwa, 'yar gajeruwar Minuet ta G, daga littafin da wani mai tsara kiɗa, Bach, ya tara wa matarsa Anna Magdalena a 1725. Takinta uku-uku ne, na farko mai nauyi, biyun masu sauƙi. A shekarun 1970 masana suka gano cewa ba Bach ne ya tsara ta ba, wani ne mai suna Christian Petzold, amma Mama da sunan Bach ta koya mini, kuma da sunansa nake jin ta. Ita ce na buga ranar da Baba ya biyo ta gidan daga aiki. Bai yarda ya zauna ba, ya tsaya daga bakin ƙofa da hularsa da alƙaluma a aljihu. Na gama, ya yi wa Mama godiya, ya ɗora ni a bayan kekensa. Sai da muka hau gada ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, “Ashe abin da natsuwa ake yin sa.” Ya tsaya wurin mai tsire ya saya mini tsinke biyu. Waɗanda suka san iyayenmu na wancan lokaci sun san abin da wannan ke nufi.

Wata rana na iso tana ciki tana sallamar baƙi, na zauna ina taɓa baƙaƙen maɓallan kawai. Can sai na ji wata waƙar gaɗa da yayyena ke yi a dandali da farin wata tana fitowa daga ƙarƙashin yatsuna, kusan da kanta. Baƙaƙen nan sauti biyar suke bayarwa, waƙoƙinmu da yawa kuwa a kan sauti biyar aka gina su. Ban ankara ba Mama na tsaye a kaina. Ta ce, “Wa ya koya maka wannan?” Na ce ta 'yan matan unguwarmu ce. Ta jawo kujera, ta ɗauko takarda mai layuka, ta ce in sake a hankali. Tana ji tana rubutawa, har waƙar dandalinmu ta zauna a kan layuka biyar, da alamominta da shirunta, daidai da ta Bach. Sannan ta sa mata hannun hagu, ta buga mini. Ban taɓa jin abu ya cika mini ƙirji irin na ranar ba.

Daga nan duk Alhamis sai na zo mata da wata. Wasu suna shiga, wasu su ƙi. Na yi ƙoƙarin kamo abin da kalangu ke faɗi a bayan Shata, abin ya gagara, domin mai kalangu yana matse tsarkiya a hammata ya lanƙwasa sauti yadda harshe ke lanƙwasa magana, mai goge kuma yana zamewa tsakanin sauti da sauti. Fiyano ba shi da wannan tsakanin. Mama ba ta ɓoye ba, ta ce, “Akwatina yana da iyaka, ɗana. Abin da mutanenku ke yi a nan, shi ba zai iya ba.” Ta ba ni labarin Fela Sowande, mutumin Abekuta, wanda ya ɗauki waƙoƙin gida ya tsara su da kayan kiɗan Turawa har aka buga su a Landan, da T.K.E. Phillips da ta sha jin kiɗansa a babban cocin Ikko tun tana budurwa. Tana da burin wata rana ta shigar da ni jarrabawar hukumar kiɗa ta Landan, mai matakai 8, takan ce na kusa na uku.

Sai 1966 ta zo. Ranar 15 ga Janairu aka kashe Sardauna a Kaduna, aka ɗauke Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa a Ikko aka kashe shi. Manya suka koma magana ƙasa-ƙasa. A watan Mayu, sannan a Satumba da Oktoba, aka zubar da jinin mutanen Gabas a garuruwan Arewa, har da namu. An hana mu haye gada na wani lokaci. Baba yakan dawo daga tasha ya kasa cin tuwo, domin da idonsa yake ganin taragai cike da mutanen da ya yi shekaru yana gaisawa da su, kowa da ƙunshin da ya iya ɗauka. Da na koma, garmaho ya yi shiru a layin teloli, shaguna da yawa a rufe. Na gama darasina na ɗaura takalmi, ba wanda ya zo karɓar kujera. Na tambayi Mama ina yarinyar nan, ta ce sun tafi, tana roƙon Allah Ya sa sun isa. Ba ta ƙara komai ba, ta shiga gyara mayafin fiyano da bai karkace ba.

Ita ba a taɓa ta ba, amma ɗanta ya hauro daga Ikko ya ce ba zai koma ba sai da ita. Fiyanon ya gagara tafiya. A watannin nan ko Baba, da yake akawun kaya, bai iya samo masa gurbi a tarago ba, aka bar wa wata makaranta. Inna da Kaka suka yi mata rakiya har tasha da ƙullin dakuwa da daddawa, Kaka na share ido da gefen mayafi tana cewa wa zai ƙarasa mata tarbiyyar maigida. Mama ta miƙo mini littafin Smallwood ta taga, da takardun waƙoƙin gaɗa a tsakiyarsa. Ta ce in riƙa motsa yatsu ko a kan tebur ne. Mun yi musayar wasiƙa 'yan shekaru, har ranar da ta ɗanta ta zo a madadin tata.

Rayuwa ta ja ni wani wajen, sakandare, aikin gwamnati, iyali. Ban zama makaɗi ba, kuma ba don haka aka tura ni ba. Da finafinan Hausa suka bunƙasa a Kano a shekarun 1990, fiyano ya shiga kowane gida ta wata ƙofar, na lantarki, su Yamaha da Casio, wanda yaro zai saɓa a kafaɗa ya hau acaɓa da shi. Yaranmu sun yi abin mamaki da shi, da kunne kawai, ba littafi ba malami, kuma ina jin daɗin wasu waƙoƙinsu ƙwarai. Ba ya tsoron gara, ba ya neman kwanon ruwa, ganga ma da kansa yake buga wa kansa. Abin da nake ɗan kewa shi ne ƙananan cikinsu ba su damu da nauyin hannu ba, ka taɓa da tausayi ko da fushi amsa ɗaya za su ba ka. Masu koyo ta waya kuma suna samun darasi kyauta daga ko'ina a duniya, abin da mu ko a mafarki ba mu gani ba, sai dai mutumin da ke cikin wayar ba ya jin abin da yaron ke bugawa.

Shi ya sa da jikata ta nace tana so, na ce wa ubanta a nemo mata malami mai zuwa gida, ni zan biya. Aka samo wani saurayi mai ladabi da ke kiɗa a cocinsu a nan Kaduna, yana zuwa ran Asabar. Da ya ga tsohon littafina sai da ya miƙe tsaye, ya ce shi ma da shi ya koya, amma nasa hoton kwafi ne. Ya roƙi in ba shi aro, na ce ya dai karanta a nan, domin rubutun fensirin da ke gefen shafukan ba na sayarwa ba ne. Yanzu sun kai inda hannu biyu ke haɗuwa, daga ɗakina ina jin hagu na jan ƙafa, yarinya har ta fara cewa ita ta gaji. Na aika a tambayo ko akwai masu daka a layinmu ta je ta saurara, aka dawo aka ce kowa inji yake kaiwa. Malamin ya ce ba komai, Baba, akwai agogon ƙidaya a wayarsa, da shi za su gwada ran Asabar mai zuwa.